Kafin a Ɗaga Guduma: Amsar Wasiƙunku kan Gyaran Ƙaramin Filat a Tsohon Gini

Assalamu alaikum masu karatu. Yawancin wasiƙun wannan watan magana ɗaya suke yi: mutum ya samu ɗan ƙaramin filat a cikin gini mai tsohon tarihi, ko saye ko gado, yana so ya gyara shi ya dace da zamansa. Na taƙaita wasu wasiƙun, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni da maigidana mun sayi filat mai faɗin murabba'in mita 41 a hawa na uku na wani gini da aka ce ya haura shekara 120. Ɗaki ɗaya ne da falo, sai ɗan tsukukun kicin da banɗaki. Falon duhu gare shi, domin tagar da ta fi kawo haske tana kicin. Muna so mu rushe bangon da ke tsakani su zama wuri ɗaya. Wani ɗan kwangila ya zo ya ƙwanƙwasa bangon, ya ce ba ya ɗauke da komai, kwana biyu ya gama. Maigidana ya yarda, ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. Yaya za mu yi? *Daga wata amarya*

Amsa: 'Yata, Allah ya sanya albarka a gidan. Ki roƙi maigidan ya dakatar da ɗan kwangilar nan tukuna, domin kina da gaskiya.

Ƙwanƙwasa bango ba ta nuna ko yana ɗauke da nauyi. Abin da take nunawa kawai shi ne ko cikinsa kogo ne ko a cike yake. A gine-ginen wancan zamanin, bangon cikin gida sau da yawa jeren katako ne a tsaye, aka buga siraran katako a kwance a jikinsa aka yaɓe da filasta. In an ƙwanƙwasa shi ƙarar kogo zai yi, amma yana iya kasancewa shi ne ke tallafe da katakan daɓen maƙwabcinku na sama. Akwai kuma abin da ya fi wannan ɓoyuwa. Wani bangon ba don ɗaukar nauyi aka gina shi ba tun farko, amma cikin shekara ɗari katakan daɓen sama sun ɗan lanƙwaso sun zauna a kansa. Ranar da aka cire shi, daɓen sama ya sauko, filastar maƙwabci ta tsage, ƙofofinsa su ƙi rufuwa. Na ga irin wannan aikin da idona, kuma kuɗin gyaran ɓarnar ya ninka na aikin da aka yi niyya.

Wanda zai ba ku amsa shi ne injiniyan gini, wanda ba shi ne zai karɓi kwangilar rushewar ba. Zai buɗe ƙananan ramuka a silin ya ga ta ina katakan suka miƙe. In sun gitta bangon, ko kuma bakinsu ya haɗu a kansa, to yana aiki. Zai nemi ya leƙa filat ɗin da ke sama da wanda ke ƙasa, domin in bango yana wuri ɗaya a kowane hawa, wannan babbar alama ce. Ki kuma tambaya ko na ƙasanku sun taɓa cire nasu. In a jikin bangon akwai tudun tsohon bututun hayaƙi na murhu, kada a taɓa shi ko da an daina amfani da shi, domin bulon da ke hawa na huɗu har zuwa rufi a kansa yake tsaye.

Ni da za ku ji shawarata, ba sai an rushe bangon duka ba. Haske kuke nema, kuma ana samunsa da ƙofa mai faɗi da aka sa wa lintal mai ƙarfi, ko taga ta gilashi a saman bangon. Ta haka adon filastar da ke zagaye da bakin silin zai tsira, ƙauri da tururin girki ba za su cika falon ba, kuma ba za ku rasa jikin bangon da za ku jingina kabad ba. Masu ƙaramin gida sukan manta cewa kowane bango da aka cire wurin ajiya ne ya tafi.

Sai maganar izini, wadda ya kamata ma ta riga komai. Ƙofa biyu za ku ƙwanƙwasa. Ta farko ta sauran masu filat a ginin, domin a yawancin tsare-tsare manyan bangaye, rufi, matakala da manyan bututu mallakar kowa ne. A Faransa, alal misali, dokar 1965 ta gidajen tarayya ta wajabta samun amincewar taron masu ginin kafin a taɓa irin waɗannan sassan. Ƙofa ta biyu ta hukumar da ke kula da gine-ginen tarihi ce, kuma dokokinta sun bambanta ƙwarai daga ƙasa zuwa ƙasa. A Ingila, in gini ya shiga rajistar gine-ginen tarihi, kariyar ta haɗa da cikinsa da wajensa. Yin aikin da ya sauya kamanninsa ba da izini ba laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa a ƙarƙashin dokar 1990, kuma ana iya tilasta wa sabon mai gida ya warware abin da wanda ya sayar masa ya yi ba bisa ƙa'ida ba. A Faransa, ginin da ke cikin tazarar mita 500 daga wani gini mai rajista ma yana iya buƙatar ra'ayin jami'in gwamnati kafin a sauya fuskarsa. A Amurka kuwa shiga rajistar ƙasa, wadda dokar 1966 ta kafa, ba ta ɗaure hannun mai gida in da kuɗinsa yake aiki. Dokar birni ce ke ɗaure shi. Don haka kada ki ɗauki abin da aka gaya wa wata a wani wuri. Ki je ofishin da ke kula da tsarin birninku da adireshin ginin, ki karɓi amsa a rubuce.

In da hali, ku zauna a gidan yadda yake na ɗan lokaci, har ku ga yadda yake a lokacin ruwa da lokacin sanyi. Sannan in za a fara, a bi tsari: a toshe duk inda ruwa ke shiga, a duba ƙarfin gini, a yi wayarin da bututu, a yi filasta, a yi daɓe, fenti ya zo ƙarshe. Ku ware kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin aikin a gefe, domin tsohon gini sai an buɗe ake sanin abin da ke ciki.

Tambaya: Malam, filat ɗina a hawan ƙasa yake, bangon waje na dutse da jan bulo ne, kaurinsa ya kai rabin mita. Fenti yana ɓamɓarewa daga ƙasa zuwa gwiwa, wani farin gari yana fitowa, ɗakin kuma warin laima. Sau biyu ana kankare wurin a yi filastar siminti a shafa fentin mai, amma abin sai ƙara hawa yake, yanzu ya kusa ƙugu. Birkila ya ce mu manna tayil har silin mu huta. Me ka gani? *Daga wani magidanci*

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka sa tayil ɗin nan. Maganin da aka yi maka sau biyu shi ne ya ɗaga laimar daga gwiwa zuwa ƙugu, tayil kuma zai ƙara kai ta sama. Ka ba ni dama in yi bayani da ɗan tsawo, domin wannan ita ce ɓarnar da ta fi kowace yawa a tsofaffin gine-gine, kuma mutanen kirki ne ke yin ta da kyakkyawar niyya.

Simintin da muka sani, wani birkila a birnin Leeds mai suna Joseph Aspdin ne ya yi masa rajista a 1824, amma bai mamaye ginin gidaje ba sai cikin ƙarni na 20. Kafin nan da farar ƙasa ake gini, irin wadda ake samu in an ƙona dutsenta a wuta mai zafin kusan digiri 900, aka jiƙa ta da ruwa, aka kwaɓa da yashi. Wannan kwaɓin a hankali yake ƙarfi, yana zuƙar iskar kabon daga sarari har ya koma kusan dutsen da ya fito. Yana da taushi, yana jure ɗan motsin gini ba tare da ya karye ba, kuma abin da ya fi muhimmanci, ruwa yana ratsa shi ya fita. Bangonka da wannan tunanin aka gina shi: ya sha ruwa daga ƙasa ko daga ruwan sama, ya fitar da shi ta fuskokinsa biyu. Maginan ba su yi ƙoƙarin hana ruwa shiga gaba ɗaya ba, sun dai tabbatar yana da hanyar fita.

Filastar siminti da fentin mai sun toshe wannan hanyar. Kamar mutum ne ya sa rigar leda a ranar zafi: gumin bai daina fita ba, wurin bushewa ne ya rasa. Ruwan da ke cikin bangon sai ya hau sama yana neman inda siminti ya ƙare, a nan ya ɓullo. Farin garin da kake gani gishiri ne da ruwan ya ɗauko daga ƙasa da cikin bulo. In ruwa ya bushe sai ya bar shi. Idan gishirin ya daskare a fili, sharewa kawai ake yi da busasshen buroshi. Idan aka tilasta masa ya daskare a bayan siminti, bulon yake ci ya mai da shi gari. Kuma duk katakon da bakinsa ke cikin bangon, na daɓe ko na taga, a jiƙe zai zauna har ya ruɓe.

To daga ina ruwan yake zuwa? Nan za ka fara, kuma ka fara daga waje. Ka fita lokacin da ake ruwa ka tsaya ka kalli ginin. Indararo ko bututun da ke sauko da ruwan rufi ya toshe ko ya fashe yana zuba a jikin bango? Ƙasar waje ta fi daɓen ɗakinka tudu? Wannan yana yawan faruwa, domin cikin shekaru ana ta ƙara kwalta da kankare a titi da tsakar gida har su haura. Ana so ƙasar waje ta kasance aƙalla santimita 15 ƙasa da daɓen ciki, ta kuma karkata ruwa nesa da bango. Ka duba ko akwai bututun famfo ko na banɗaki da ke yoyo a ƙarƙashi. In daɓenka na katako ne, ka nemi ƙananan ramukan iska da ke gindin bango ta waje, ka ga ko wani ya toshe su. Laimar da take tasowa daga ƙasa da kanta ba kasafai take wuce tsawon mita ɗaya ba, kuma sau da yawa abin da ake kira da sunanta ɗaya ne daga cikin waɗannan da na lissafa. Akwai kuma laimar da mu da kanmu muke yi: numfashi, girki, wanka da shanya a ɗaki suna zuba ruwa lita da dama a iska kowace rana, kuma a ƙaramin gida ba inda za ta je sai jikin bango mai sanyi. Alamar wannan ita ce baƙar fumfuna a kusurwa da bayan wadirob.

Ka yi hattara da mai zuwa da 'yar na'ura mai tsinke biyu ya tokara a bango ta yi ƙara, ya ce a yi wa bango allurar magani. An yi na'urar ne don auna laimar katako, kuma gishiri kaɗai yana sa ta yi ƙara ko da bangon a bushe yake.

In an gano mafarin an gyara, sai a ɓamɓare simintin da hannu, da ƙaramar guduma da kurfi, a hankali don kada fuskar bulon ta biyo shi. Sannan a bar bangon tsirara ya bushe. Maginan da suka saba da irin wannan aikin suna lissafin kusan wata guda ga kowane inci na kauri, don haka bango irin naka zai iya cin fiye da shekara kafin ya bushe sarai, ko da yake za ka ji sauƙin warin tun da wuri. Sabuwar filasta ta zama ta farar ƙasa, kusan awo ɗaya da awo uku na yashi mai kaifi, a yi ta hawa-hawa, kowane hawa kamar santimita ɗaya, a bar kwanaki a tsakani ana ɗan yayyafa ruwa don kada ta bushe da gaggawa ta tsattsage. A sama a shafa ruwan farar ƙasa ko fentin da tururi ke ratsawa. Wahalar da za ka sha ita ce samun birkilan da ya iya. Ka tambaye shi ina ya taɓa yi, ka je ka gani. In ya ce zai ɗan zuba siminti a kwaɓin don ya yi saurin kamawa, ka nemi wani.

Tambaya: Tagogina na katako ne, iska da ƙarar titi suna shigowa. Zan iya cire su in sa na roba masu gilashi biyu? *Daga wata ma'aikaciya*

Amsa: 'Yar'uwa, taga tana cikin fuskar gini, kuma ita ce abin da hukumomi suka fi hana canjawa. Ko da an yarda miki, ba zan so ki yi ba. Katakon tsohuwar taga yawanci daga itacen da ya girma a hankali aka yanko shi, ya fi na kasuwar yau tauri, kuma inda ya ruɓe, galibi gindin taga, kafinta yana iya yanke wurin ya dasa sabo. Ta roba in ta lalace sai dai a jefar. Ki sa a gyara, a liƙa siririyar robar toshe iska a bakinta, sannan a ƙara wata taga ta gilashi daga ciki. Wannan yana rage asarar ɗumi da fiye da rabi, kuma in an bar tazarar santimita 10 ko fiye tsakanin gilasan biyu, ya kan fi gilashi biyu na zamani kashe ƙara. Sai dai in kin toshe iska ki sa fankar zuƙe tururi a kicin da banɗaki, in ba haka ba matsalar laima ta magidancin da na amsa wa kafin ke za ta same ki.

Tambaya: Malam, ina da ciki wata biyar, ga kuma yaro ɗan shekara biyu. Maigidana yana so ya goge ƙofofi da katakan tagogi da injin samfefa ya fito da asalin katakon, ya kuma ɓamɓare tsohuwar ledar daɓe da ke kicin. Ya ce aikin ƙarshen mako ne. Akwai matsala? *Daga wata uwa*

Amsa: Akwai, 'yata, kuma babba ce. Ki nuna masa wannan amsar yau.

Fentin da ke can ƙasan sauran a jikin ƙofar tsohon gini, a ɗauka yana da dalma har sai gwaji ya nuna babu. Amurka sai a 1978 ta haramta shi a gidaje. A Faransa, duk gidan da aka gina kafin 1949 sai an yi masa gwajin dalma kafin a sayar ko a ba da haya. Muddin fentin yana manne lafiya an rufe shi da sabo, haɗarinsa kaɗan ne. Injin samfefa ne ke mai da shi ƙura mai laushi da ke sauka a daɓe, a kan kayan wasa, a hannun yaro, daga nan zuwa baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba shi da illa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotse ta ninki huɗu zuwa biyar na babba. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, illar ba ta warkewa, kuma tana ratsawa daga uwa zuwa abin da ke ciki. Ƙona fentin da wuta ma bai fi ba, hayaƙinsa guba ne.

Ledar daɓen kuwa wata damuwa ce daban. Ginin ya girmi zamanin da aka fi amfani da asbesto, wani ma'adini mai siraran zare da ake cuɗawa a kayan gini, amma gyare-gyaren da aka yi masa tsakanin shekarun 1950 da 1980 ba su girme shi ba. Ana samunsa a tsofaffin tayil na roba, a baƙin gam ɗin da ke ƙarƙashinsu, a abin da aka naɗe bututun ruwan zafi da shi, da wasu allunan silin. Faransa ta haramta shi a 1997, Birtaniya a 1999, Tarayyar Turai baki ɗaya a 2005. Zarensa ba a gani da ido, kuma cutar da yake sa wa huhu sai bayan shekara 20 ko fiye take bayyana.

A kira masu gwaji su ɗauki samfur daga fentin da ledar kafin a taɓa komai. In an samu dalma, ko a rufe da sabon fenti, ko a cire ƙofofin a kai su inda ake wanke fenti da magani. In an samu asbesto kuma bai farfashe ba, sau da yawa shimfiɗa sabon daɓe a kansa ya fi cire shi aminci. In dole sai an cire, aikin ƙwararru ne. Ke da yaron kuma ku bar gidan har a gama a goge ko'ina da jiƙaƙƙen tsumma.

Tambaya: Ina so in mai da banɗaki ɗaya gefen gidan don ɗakin kwana ya ƙara girma, in kuma zuba kankare a kan daɓen katako don ya daidaita, domin ya karkata. *Daga wani matashi*

Amsa: Ɗana, banɗaki ya zauna kusa da babban bututun da ke saukar da ƙazanta. Bututun masai kaurinsa kusan santimita 10 ne, kuma yana buƙatar gangara ta kamar santimita 2 a kowace mita. In ka nisanta shi, ko ka ɗaga daɓe, ko falamba ya sassare katakan da ke ɗauke da kai don ya samu hanya. Ƙa'idar da ake bi a Birtaniya ita ce sara a saman irin wannan katakon kada ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na kaurinsa daga sama zuwa ƙasa, ka ga bututun masai ba zai taɓa shiga ba. Ga kuma maƙwabcin ƙasa da za ka ɗora wa banɗaki a kan gadonsa.

Kankare kuma a'a. Kaurin santimita 5 kawai yana da nauyin kilo 100 ko fiye a kowane murabba'in mita, alhali daɓen gida an saba lissafa masa kilo 150 zuwa 200 ne na mutane da kaya. Ka cinye fiye da rabi kafin ka shigo da gado. A fara gano dalilin karkatar. In tsohon zama ne da ya tsaya tuntuni, kafinta zai ɗaga allunan ya daidaita da siraran katako ya mayar. Faɗin da kake nema kuma ka neme shi a sama. Tsofaffin gidaje sukan yi dogon silin, kabad da ya tashi daga ƙasa har kusa da silin yana cin kaya da yawa, ƙofa mai zamewa tana ba ka wurin da mai buɗewa ke cinyewa. A yi kabad ɗin mai tsayuwa da ƙafarsa, a bar 'yar tazara tsakaninsa da bangon waje don iska ta zaga.

Tambaya: Malam, da girmamawa, na ga kullum kana kare tsofaffin gine-gine. Kuɗina na sa na saya, gidan zama nake so, ba gidan adana kayan tarihi ba. Me ya sa zan wahala da tsada da jira saboda mutanen da suka mutu tuntuni? *Daga wani dattijo*

Amsa: Ranka ya daɗe, tambayarka a kan hanya take, kuma ban ce ka zauna cikin duhu da sanyi ba. Ka sa wayarin sabo fil, domin tsohuwar waya mai rigar roba ko ƙyalle tana marmashewa ta jawo gobara. Ka cire bututun dalma in akwai. Ka yi kicin da banɗaki na zamani yadda ranka ke so. Masu kula da gine-ginen tarihi da kansu sun yarda da wannan: Yarjejeniyar Venis ta 1964, wadda ita ce ginshiƙin wannan fanni, ta bayyana cewa amfani da gini yana taimaka wa kiyaye shi. Ginin da aka bari ba kulawa ne ke mutuwa, wani lokaci ya tafi da rayuka. A ranar 5 ga Nuwamba 2018 tsofaffin gine-gine biyu suka rufta a titin Aubagne da ke Marseille, mutum 8 suka rasu, bayan shekaru ana ganin lalacewarsu.

Abin da nake roƙo ƙarami ne. Tun 1877, lokacin da William Morris da abokansa suka kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a Ingila, abin da suke kira a kai shi ne gyara kaɗan-kaɗan a kan kari maimakon rushewa a sake. Yarjejeniyar Burra ta Ostireliya, wadda aka fara rubutawa a 1979, ta tafi a kan a yi duk abin da ya zama dole, amma a sauya mafi ƙarancin abin da zai yiwu. A aikace ga abin da nake nufi: in ba ka son adon silin, ka rufe shi da silin na ƙasa, kada ka farfasa. In ƙofa ta tsone maka ido, ka cire ka adana. Waya ta bi ta bayan katakon gindin bango ko ta tsohuwar hanyarta, maimakon a tsaga bango ko'ina. Kicin ɗin da za ka sa yau, wani zai cire shi nan da shekara 20, amma allon daɓen da ya shekara 120 in ya tafi juji ya tafi ke nan. Kuma ba don matattu kaɗai ba ne: nauyin filat ɗinka a kan na wani yake, na wani kuma a kan naka. Maganar tsada kuwa, yawancin abin da na hana a wannan shafin, rushe bango, canja taga, ƙaurar da banɗaki, su ne masu cin kuɗin.

Tunda kana shirin farawa, abu ɗaya nake so ka sa wa ido fiye da komai. Lokacin gyara shi ne lokacin da tsohon gini ya fi fuskantar gobara. Majami'ar Notre-Dame ta Paris a watan Afrilun 2019 da tsohon ginin kasuwar hannun jari na Kopenhagen a watan Afrilun 2024, dukansu ana cikin aikin gyara suka kama da wuta. Busasshen katako, ƙurar shekaru da kogon da ke bayan filasta suna riƙe tartsatsi ya yi ta ci a ɓoye har dare. Ka sa a rubuce cikin kwangila cewa duk aikin walda ko na wuta a daina shi aƙalla awa biyu kafin a tashi, wani ya zaga ya taɓa ya shinshina kafin a kulle, kuma tukunyar kashe gobara ta kasance a wurin tun ranar farko. Ka sanar da kamfanin inshorarka kafin a fara, ka kuma ɗauki hoton bango da silin na maƙwabtan sama da ƙasa da yardarsu, don in tsaga ta fito a san ko sabuwa ce.

Wasiƙun da suka shafi yoyon rufi da gara, sai a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.